Jigon da Aka Soke

"Soke wannan," in ji Firinsifal, ya danna yatsa a kan kalmar. "Malam Na'Allah, kana da iyali. Soke ta."

Na'Allah ya dubi takardar. Tun farkon damina Ma'aikatar Ilimi ta ɗora masa aikin tsara sabuwar manhajar Turanci ta 'yan aji huɗu da biyar, shi kuwa ya ƙi bin tsohuwar hanya ta haddar dokokin nahawu babi bayan babi. Ya ce a gina ta a kan jigo: a ɗauko abu guda na rayuwa, ɗalibai su karanta a kansa, su yi gardama, su rubuta, nahawu ya riƙa shigowa a inda aka bukace shi. Akwai Kasuwa, akwai Tafiya, akwai Ruwa. Akwai Arzikin Man Fetur, wanda ma'aikata ta ce dole a sa. Can ƙasa kuma, ƙarƙashin yatsan Firinsifal, akwai Yaƙi.

"Ranka shi daɗe, yaran nan sun girma. Akwai ma wanda ya ga abin da idonsa."

"To shi ya sa. Ka san wa za ka kai ma ita bayan azahar? Manjo na, na soja, shi anka ba kwamitin duba manhaja. Kullum kana jin rediyo na karanta sunayen ma'aikatan da anka sallama, ba notis ba bankwana. So kake mu ji naka?"

Na'Allah ya zaro alƙalami daga aljihu, ya ja layi a kan kalmar. Bai danna ba, ana iya karanta ta ta ƙarƙashin tawadar.

Ya fito baranda. Damina ta ɗauke, zafin kaka ya kwanta a kan Sakkwato, ganyen dogon yaro ko motsi ba ya yi. A bayan katanga tireloli na wucewa da siminti, don a wannan shekara kowa gini yake. Shi dai Na'Allah duk bai gan su ba. Mutum ne da ke tafiya rabinsa a nan, rabinsa a wani wuri. Matarsa Lami takan ce sai ta kira shi har ta gaji kafin ya dawo daga inda ya tafi. Inda yake zuwa kuwa wani aji ne wanda babu shi a duniya, mai tagogi har ƙasa, inda samari ke magana da Turanci yadda suke ciniki a kasuwa, da ɗaga murya da dariya, babu mai tsoron ya yi kuskure.

A aji biyar ya rubuta kalmar ruwa da Turanci a tsakiyar allo, ya ajiye alli.

"Yau gwaji za mu yi," ya ce. "Kowa ya ba mu labarin ruwan da ya sani. Da Turanci. Ba zan gyara wa kowa ba sai mun gama."

Aka yi ta kallon juna. Sule, ɗan wani mai shagon yadi a Tudun Wada, shi ya fara. Ya ba da labarin sabon famfon da aka kafa a unguwarsu, wanda in an murɗa sai ya yi tari ya yi atishawa, ya hura wa mata iska a bokiti. Aji ya ɗauki dariya. Ɗanladi ya miƙe ya faɗi yadda gulbin Rima ya cika ya shanye musu gonar shinkafa, suka shiga kwalekwale suna leƙa amfanin gonarsu ta cikin ruwa. Kalmar ambaliya ta ɓace masa, wani ya jefo masa ita daga gefe, ya cafe ya ci gaba. Na'Allah ya jingina da taga. Ya ji kamar tagar tana ƙara faɗi.

Sai benci ya yi ƙara a can baya. Illo ne ya tashi.

Illo ya girmi kowa a ajin nesa ba kusa ba. Daga aji uku ya gudu ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, ya dawo da ɗingishi, bayan shekaru aka mai da shi makaranta ya ƙarasa. Gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashin tebur, shi ya sa yake zama a baya shi kaɗai. Yara na kiransa Kofur. Tun da ya zo, in ban da amsa suna, ba a taɓa jin muryarsa ba.

Da Turancin bariki ya yi maganar, mai karyayyun gaɓoɓi, yana kallon allo. Ya ce akwai wani ƙaramin kogi a can kudu, cikin kurmi, inda rana ba ta taɓa ƙasa. Ruwansa baƙi ne kamar shayi. Wata safiya aka tura su wanki, suka tuɓe riguna suka shiga. Da hazo ya yaye sai suka ga mutane a ɗaya gaɓar, su ma tsirara zuwa ƙugu, su ma wanki suke. Abokan gaba ne. Bindigogi suna kan tudu, na kowa. Aka tsaya cak, ruwa na gudu tsakanin ƙafafu. Can wani siriri daga cikinsu ya ɗaga rigarsa, ya nuna tafin hannunsa wayam: ba su da sabulu. Wani daga wannan gefe ya sa guntun sabulu a kwanon abincinsa ya tura a kan ruwa. Igiyar ruwa ta ja kwanon ta yi ƙasa da shi, yana juyi a tsakiya, sai ga mutanen gaɓa biyu suna bin sa da gudu, suna faɗuwa cikin taɓo, suna ihu suna dariya.

"Daga nan saje ya busa usur," in ji Illo, ya zauna.

Na'Allah yana tsaye a bakin taga, amma yana cikin kurmin. Yana jin sanyin ruwan a ƙaurinsa. Cikin masu gudun nan ya hango ƙanensa Siddiƙu, wanda ya tafi yaƙin bai dawo ba, ba a kuma kawo ko hularsa ba. Ga shi nan da faɗin kafaɗunsa, yana tsalle kan saiwoyi yana dariyar nan tasa mai shaƙewa. Tun tafiyarsa Na'Allah bai taɓa iya ganinsa a can ba sai a kwance. Yau ya gan shi yana gudu.

Ƙararrawa ce ta dawo da shi. Da aji ya watse ya tsai da Illo a bakin ƙofa.

"Ka taɓa ba wani wannan labari?"

"A'a, Malam." Illo ya sunkuyar da kai. "Da Hausa ba ya fita. In na faro shi sai in ga fuskar innata, sai in kasa ƙarasawa. Da Turanci kuwa kamar wani na ka faɗi, ni ina saurare."

Bayan sallar azahar Na'Allah ya hau babur ɗinsa Besfa, manhaja a cikin jaka. Ya bi ta Ƙofar Marke, ya wuce masu sayar da rediyo da agogo da suka cika bakin titi, ya ratsa tsakanin sababbin motoci da ledar kujerunsu ba a ɓare ba. Kwalta na ƙyalli a gabansa kamar an yi ɓarin ruwa, yana matsowa tana ja da baya.

Ɗakin taron ma'aikata sanyi ƙalau, sabuwar na'urar sanyaya ɗaki na gurnani a bango. Sufetocin ilimi biyu suna gefe. Manjo yana tsakiya, mutum ne wanda bai tsufa ba amma furfura ta cika masa kai. Ya karɓi takardun ya bi su a hankali da gindin biro. Da ya iso kan layin da aka ja, biron ya dakata, sa'an nan ya koma sama.

"Ruwa," ya ce. "Mako uku. Malam, me ƙaton saurayi zai faɗa a kan ruwa har mako uku?"

Na'Allah yana da amsa a shirye: kalmomin yanayi, yadda ake ba da labarin abin da ya wuce, rubutun bayani. Ya buɗe baki zai jero su. Amma sanyin ɗakin ya taɓa masa ƙauri, gurnanin na'urar ya koma masa kukan kogi, sai ya ji muryarsa tana cewa akwai wani ƙaramin kogi a kudu, mai ruwa baƙi kamar shayi. Bai farga ba sai da ya kai inda saje ya busa usur.

Sufetocin biyu suna kallon tebur. Na'Allah ya tuna rediyo, ya tuna Lami da yara.

"Wa ya ba ka wannan?" in ji Manjo.

"Wani ɗalibi, ranka shi daɗe."

"Sunansa?"

Na'Allah ya ce, "Ranka shi daɗe, a aji ya faɗa, ya amince da ajin ne. Ni na yi wautar fitowa da shi. In akwai laifi a rubuta sunana."

Ɗaya daga sufetocin ya ɗan matsar da kujerarsa. Manjo ya daɗe yana duban Na'Allah, ko kuwa bangon da ke bayansa. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka ƙwarai.

"Sabulun ya ƙetare?"

"Bai faɗa ba, ranka shi daɗe. An kira su kafin ya gani."

Manjo ya gyaɗa kai a hankali, kamar dama abin da ya zata ke nan. Ya mai da ido kan takarda, ya sa biro ya sake bin layin da Na'Allah ya ja, ya danna sosai, har kalmar ta ɓace ƙurmus.

"Wannan ba za ta shiga makarantun gwamnati ba," ya ce. "Ka kyauta da ka soke ta." Ya haura sama, ya soke inda aka rubuta mako uku a gaban Ruwa, ya yi ɗan rubutu a gefe, ya sa hannu. "Ruwa kuwa ka matse shi da yawa. Ba shi zango guda."

Na'Allah ya miƙa hannu biyu zai karɓi takardun. Manjo ya riga ya juya yana tambayar sufeto batu na gaba, amma tafin hannunsa yana nan a kan shafin. Na'Allah ya tsaya yana jira, bai ja ba.