Kashi Saba'in da Ɗaya

Abu ɗaya Baba ya roƙa kafin a shiga da shi tiyata ƙarfe huɗu: ya ga Inna. Inna kuwa shekararta tara da rasuwa. Abin da ya rage nata guntayen bidiyo ne da Baba ya jera a tsohuwar kwamfutarsa, bai taɓa haɗa su ba. Wata tsohuwar manhaja ce ke riƙe da su, kuma sai ta gama haɗawa tukuna ido zai ga wani abu.

Ƙarfe shida na safe na kunna aikin a ɗakinsa. Kwamfutar ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta, fankarta na gurnani kamar keken ɗinkin da ya ga jiya ya ga yau. Ta ce awa bakwai. Na ja kujera na zauna ina kallon koren layi yana jan ciki. Ban karya ba, ban kuma ji yunwa ba.

Sha ɗaya saura Yaya ya shigo da tasa a jaka, sabuwa dal. Shi Yaya duk abin da ya saya sai ka san adadin abin da ke cikinsa.

"Har yanzu kina kan wannan gyatumar? Nawa ta kai?"

"Saba'in da ɗaya."

"Kashe ta. Tawa ƙwaƙwalwa takwas ce. Aikin awa bakwai, raba shi takwas, ko awa ba za ta yi ba."

Ni malamar lissafi ce. Na raba, na ga daidai ne. Wannan shi ne abin da ba na gaya wa kowa: Yaya magana kawai ya yi, yatsana ne ya danna. Har kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata.

Kwashe manhajar da fayilolin ya ci mana rabin awa. Muka kunna. Sabuwar ba ta ko tari. Ta yi shiru, ta yi shiru, sannan ta rubuta awa shida.

Yaya ya kira mai gyara masa kwamfuta, ya sa a lasifika. Mutumin ya ce a buɗe wurin da ake ganin aikin kowace ƙwaƙwalwa. Akwatuna takwas suka fito. Ɗaya a cike maƙil, bakwai kwance abinsu.

"Ai ranka ya daɗe, wannan manhajar ba ta san raba aiki ba," in ji shi. "Lokacin da aka rubuta ta ƙwaƙwalwa ɗaya ake yi. Ko ɗari ka ba ta, ɗaya za ta kama. Taka ta ɗan fi sauri, shi ke nan. Da dai kun bar waccan ta ƙarasa."

"A koma kan tsohuwar mana," in ji Yaya.

"Daga farko za ta faro."

Yaya ya kashe wayar, ya goge allon da bakin rigarsa, ko ƙura babu a kai. Ya ce zai wuce asibiti. Na so in ji haushinsa, na laluba ban samu ba.

Ƙarfe uku da rabi Baba ya kira da wayar ƙanwata.

"Uwata, an gama?"

"Saura kaɗan, Baba."

"To, ba komai. In na fito na gani."

Na ce to. Kashi sittin da bakwai take a lokacin, ko inda tsohuwar ta tsaya ba ta kai ba.

Biyar da kwata ƙanwata ta kira. Daga jin kukanta na san Baba ya tafi. Na ji takun mutane a bayanta, da muryar Yaya yana salati. Na ajiye wayar a kan tebur. Ya kamata in tashi in nemi mayafi, amma saura kashi huɗu, sai na zauna.

Biyar da rabi ta yi 'yar ƙara ta gama. Inna ta fito a allon, tana shanya a igiya, tana kare fuska da hannu tana dariya.

"Kai dai ba ka gajiya," ta ce wa Baba da ke ɗaukarta. "Yaushe ma za ka zauna ka kalli wannan abin?"