Hasken da ke Tona Kunama

Ba yaji Adawiyya ta yi ba. Kowa a Sule Tankarkar ya san haka, domin mijinta Malam Abdulmuttalib ya bi kowa ya gaya masa. Jinya ta tafi. Kunama ce ta harbe ta a diddige cikin sabon ɗakin da ya gina mata, aka kai ta Gumel wajen mahaifiyarta. Ƙafa ta warke tun ana girbin gero, ga shi har zoɓo ya shiga buhu, jinya ba ta ƙare ba. Ta ce ba za ta sake kwana a ɗakin nan ba sai ta tabbata babu kunama ko ɗaya. To, wa zai iya rantsuwa a kan kunama?

Malam yana koyar da ilmin halittu a sakandare, yana kuma da wani jibgegen littafi na masu koyo, kan yadda ake binciken halittu da haske. Abokan aiki sun daɗe suna tsokanarsa a kai, wai makarantar da madubin duba ƙwayoyin cuta ɗaya gare ta, shi ma yana kulle, me za a yi da littafin haske? Kewar matarsa ce ta sa ya zauna ya karanta shi da gaske, don gidan ya yi masa faɗi. A ciki ya tarar akwai wani haske mai launin shunayya da idan ya sauka a jikin kunama cikin duhu sai ta ɗauki ƙyalli kore shar. Ranar Alhamis ya hau mashin sai kasuwar Maigatari, ya samo irin fitilar wajen masu gyaran waya, waɗanda ke busar da gam da ita.

Ya share ɗaki, ya liƙe kowace kafa da siminti, ya haska bai ga komai ba. Sannan ya aika wa Adawiyya ta zo ta gani da idonta. Ta zo, amma da Iya, mahaifiyarta, wai ita ce shaida.

Nan gumi ya karyo wa Malam. Tun da ya auri 'yarta bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskar Iya ba, gaisuwa ma daga zaure yake yi, a durƙushe.

Bayan azahar aka rufe ƙofa, aka toshe taga da bargo. Iya ta zauna a tabarma, Malam ya kunna fitila, littafi a hammata. Ya haska ƙarƙashin gado, ya haska bayan kabad, ya bi kusurwa kusurwa har rufi. Duk sanda hasken ya doshi wajen tabarma sai ya yi tsalle ya wuce.

"Malam, saura can," in ji Adawiyya.

"Can ai Iya ce."

"Ni ɗaki gaba ɗaya na ce."

Iya ta ce, "Haska mana, ɗan nan. Ni ba amarya ba ce."

Ya sunkuyar da kai ya miƙa hannu. Farin mayafin Iya ya kama haske shuɗi bau, ta zabura ta ce, "Subhanallahi, wa ya kunna ni?" Ya fara bayani cikin ladabi cewa sabulun wanki ne, idonsa a ƙasa yadda tarbiyya ta ce. Sai ga kunama a bakin tabarma, kore shar, wutsiya a sama, tsakaninta da ƙafar Iya bai kai taƙi ba.

"Iya, Allah ya ƙara girma, da za ku ɗan..."

"Na'am?" Ta soma miƙe ƙafa ta wajen.

"Ke! Kar ki motsa!"

Ya maka littafin a ƙasa da duk ƙarfinsa, ya bi shi da gwiwa ya danne.

Ya janye bargo haske ya shigo, ya ɗaga littafin, kowa ya ga abin da ke manne a bangonsa. Zuciyar Malam ta karye. Ya tara mutane don ya nuna babu kunama, ya nuna akwai, ya kuma daka wa surukarsa tsawa kamar ɗalibar aji ɗaya.

Iya ta dubi 'yarta, ta ce a hankali, "'Ke' fa ya ce mini."

"Na ji, Iya."

"Ko babanki sai ya duba fuskata kafin ya faɗi haka."

Malam ya durƙusa zai ba da haƙuri. Iya ta gyara mayafi ta miƙe, ta ce wa Adawiyya ta tashi su kama motar Gumel kafin la'asar. Adawiyya ba ta tashi ba. Ta karɓi fitilar daga hannun mijinta tana juya ta, tana danne dariya.

"Iya, ɗakin da nake kwana a gida, wa ya taɓa haska shi?"

Iya ta dubi ƙafarta.

"Ki gaida mutan gida, a aiko min da akwatina," in ji Adawiyya. "Malam, mayar da bargon nan. Ba mu duba bayan ƙofa ba."