Akwatin da Martina ta adana

Tun da sabuwar fitowar harshen kwamfutar da yake rubuta manhaja da shi ta iso, Natan ya hana kowa sakat. Ko mai shayin Gangaren Tudu ya ji labari: yanzu idan wani sashe na manhaja ya mutu, wani sashen da ke gadinsa zai tashe shi, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ana ma iya sauya manhajar tana cikin aiki.

Yayarsa Martina ce ta fara amfana. Tana da injin ƙyanƙyasa a Jigwada, cike da ƙwan da matan cocinsu ke jiran 'yan tsakinsa. Abin da ke kashe mata ƙwai ɗaya ne: a ɗauke wuta tana nesa, zafi ya sauka. Natan ya haɗa mata wani ɗan akwati mai batirinsa, yana lura da zafin, in ya sauka ya kira wayarsa, shi kuma ya hau babur ya je ya tada janareto.

Ya gwada mata a gabanta. Ya kashe sashen auna zafi, sashen ya tashi da kansa. Ya kashe na kira, ya tashi.

"Yaya, wannan abin ba ya mutuwa. Amma ki kula min da shi, na sha wuya a kansa."

Ai kuwa ta ji wannan ta biyun da kyau.

Ranar da za ta tafi biki Akwanga, hadari ya haɗu. Natan yana gida, wayarsa shiru, yana ta jin daɗin shirun, har da yi wa abokai bayanin cewa shiru alamar lafiya ce. Unguwarsu akwai wuta. Jigwada kuwa tun tsawar farko wutar ta tafi, ba ta dawo ba.

Da Martina ta dawo ta kira shi, ya je ya tarar da injin sanyi ƙalau. Ya taɓa ƙwai ɗaya, ya ajiye. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya duba inda ya kafa akwatin, sai wayoyin wuta suna reto.

"Ina yake?"

Ta buɗe kabad, ta ɗauko shi naɗe cikin sabon zanenta na coci.

"Ka manta yadda tsawa ta cinye talabijin ɗin Baba? Na ce ba zan bari ta taɓa maka wahalarka ba. Har batirin na cire."

Masanan da suka gina harshen sun yi tanadin kowace irin mutuwa, ban da ta mai ƙaunarka.

Martina ta kalli ƙwan, idonta ya cika. Sai ta miƙo masa akwatin da hannu biyu.

"Duba ka gani. Ko ƙwarzane babu."