Kwamfutar Alhaji Na'Allah

Ruwan sama ne ya kashe kwamfutar Alhaji Na'Allah, ba tsufa ba, ko da yake ta tsufa ɗin. Tun yana malamin dabbobi a Kebbe aka ba shi ita a wajen wani kwas a Kaduna, baƙa ƙirin, mai nauyin tsiya, da haruffa uku a jikin murfinta, IBM, da wani ɗan jan ɗigo a tsakiyar madannai wanda yake tura kibiyar da ke kan allo da shi. Shekara ashirin tana yi masa bauta. Da ya yi ritaya ma bai bar ta ta huta ba. Duk makiyayin da aka tare wa burtali, duk manomin da shanu suka shigar wa gona, zauren Alhaji yake nufa a buga masa takardar koke. Sai ga daminar bana, kwano ya yi yoyo daidai kan teburin, aka wayi gari baiwar Allah ta sha ta ƙoshi.

To wa za a nema in ba Bilyaminu ba? Shi ne mijin Hafiza, ɗiyar Alhaji ta biyu, kuma shi ke da shagon gyaran kwamfuta a bakin titi a Tambuwal, shekara goma sha shida yana kwance su yana ɗaurawa. Aka aiko masa da gawar a cikin buhun taki a bayan babur, ga kuɗi a ƙulle a leda, ga saƙo: a sayo irinta sak, ta kamfaninsu, ba ta wani ba.

Kada ku so ku ga daɗin da Bilyaminu ya ji. Shekara tara da auren nan, surukinsa bai taɓa aikensa ko sayen ashana ba, yau ga amana guda an damƙa masa. Ya kulle shago kwana biyu ya tafi Sakkwato. Bai bar shagon da bai leƙa ba. Wadda ya zaɓa a ƙarshe sai da ya kwance bayanta a gaban mai kayan, ya duba cikinta ɗaya bayan ɗaya, har mutumin ya tambaye shi ko aurenta zai yi. Baƙa ce ita ma, ga jan ɗigon nan a inda yake, dangi ɗaya ne da marigayiya. Sunan da ke jiki ne kawai ya sauya, don tun shekarar 2005 Amurkawan nan masu IBM suka sayar da sashensu na kwamfutocin ofis da na hannu gaba ɗaya ga wani kamfanin China mai suna Lenovo, har da ma'aikatan da ke ƙera su. Duk mai taɓa kwamfuta ya san wannan kamar yadda ya san hanyar gidansu. Shi ya sa ko a ransa bai kawo cewa abu ne mai neman bayani ba. Ya saka ta a jaka ya ba direban motar Kebbe, don bai dace suruki ya kai abu da hannunsa kamar mai jiran a yaba masa ba.

Kwana uku shiru. Ran na huɗu Hafiza ta gama waya da mahaifiyarta, ta fito tsakar gida ta kwashe labari ta faɗa masa. Ashe da kayan suka isa, Ɗan'iya ne ya fara ɗauka, ƙanin Alhaji mai sayar da kayan babur a kasuwar Kebbe, mutumin da bai taɓa ganin abu ya ce bai san shi ba. Ya duba murfi bai ga haruffa uku ba. Ya kifa ta, ya karanta ɗan rubutun da ke ƙasa, ya ɗago ya shaida wa zaure kaf cewa 'yar China ce. A bakinsu kuwa ɗan China shi ne tocilan da ke mutuwa kafin sati, shi ne kwaɗon da ake buɗewa da tsinke. Ɗan'iya ya ce ai an san wannan wayon: a karɓi kuɗin na gaske, a kawo mai kama da shi. Alhaji ya karɓe ta. Ya mayar da ita jaka, ya ɗora a saman kabad.

Bilyaminu ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa. Shi? Shi za a ce ya ci amanar uban matarsa? Kuma wai Ɗan'iya ne mai faɗa, Ɗan'iyan da rabin kayan rumfarsa daga China suke, har babur ɗin da yake hawa! Rediyon Alhaji fa daga ina? Injin ban ruwan da ke fadamarsa fa? Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne maganar nan ba ta wuce minti biyu ba in zai samu ya yi ta da bakinsa.

Amma da wane bakin? Mutumin da yake cire takalmi tun daga bakin kwararo in zai shiga gidan, ya durƙusa a ƙofar zaure ya zuba wa ƙasa ido har ya gama gaisuwa. Ko ruwa bai taɓa sha a gaban Alhaji ba. Akwai wani mai walda kusa da shagonsa da ake kira Na'Allah, shekara tara Bilyaminu yana ce masa "mai sunan Baba". Wannan mutumin ne zai dubi surukinsa ya ce, Baba, ba ka gane ba ne? Ai ko a waya harshensa ba zai juya ba. Dole sai dai a aika.

Ya fara da Hafiza. Ya zaunar da ita kamar 'yar makaranta, ya faɗa, ta maimaita, ya gyara, ta sake maimaitawa: ba jabu ba ce, kamfanin ne aka sayar, mai shi ne ya sauya, irin mai haruffa ukun nan an daina yin ta tuntuni. Ta haddace tsaf. Ta kira mahaifiyarta, Hajiya Ummu, ta karanto mata babu tuntuɓe, yana tsaye yana ji. Hajiya ta ce to, za ta isar in Alhaji ya ci abinci hankalinsa ya kwanta. Ta kuwa isar. Washegari aka ji yadda ta isar ɗin: wai Bilyaminu ya ce a yi haƙuri, shi ma can Sakkwato aka cuce shi, bai sani ba.

Ya dafe kai. Jiya shi maci amana ne, yau kuma ya zama wawan da bai san aikinsa ba, kuma Ɗan'iya bai yarda da na biyun ba ma. Hafiza ta ce don Allah ya yi wa Inna uzuri, ina ta ga bakin ce wa mijinta ya yi kuskure a kan maganar suruki? Ita gani take taimakonsa ta yi.

Sai ya tafi wajen Baffa Attahiru, ƙanin mahaifinsa, dillalin shanu, wanda shi ya je nema masa auren Hafiza tun farko. Wannan karon Bilyaminu ya yi dabara, ya kawo maganar inda Baffa zai kama ta. Ya ce a ɗauka mutum ya sayar da garkensa kaf, har da makiyayin da ke kiwonsa, sabon mai shi ya zo ya sa tasa alamar. Shanun sun sauya ne? Baffa ya buga cinya ya ce wallahi ba su sauya ba, ai wannan ko yaro ya gane. Ya maimaita misalin da kansa, har ya ƙara masa gishiri. Bilyaminu ya cika masa tankin babur da mai, ya raka shi har bakin hanyar Kebbe yana jin kamar an sauke masa dutse.

Bayan la'asar Baffa ya dawo, ƙafar wando duk taɓo, fuska wasai. Ya ce an gama, Alhaji ya sauko ƙwarai, har fura aka dama masa. Bilyaminu ya tambayi abin da ya faɗa. Baffa ya ce ya nuna masa yaro ne, kuma ɗan Adam ajizi ne, zuciya ba ta da ƙashi, a dubi zumunci da 'ya'yan da ke tsakani.

"Baffa, batun garken fa?"

"Haba Bilyaminu. Ni in tai gidan mutum in koya mishi shanu? Mutumin da yay yi shekara talatin shina yi musu allura? Ai ba a biko da gardama."

Biko! Wa ya ce masa biko aka aike shi? Bilyaminu ya ji kamar ya kwanta a ƙasa ya yi birgima. Duk wanda ya tura da gaskiyarsa sai ya ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmansa, ya shiga ya ba da haƙuri. Kowane haƙuri kuma shaida ne a kansa, tunda ba a ba da haƙuri a kan abin da ba a yi ba. Amma Baffa ne, ya sha hanya saboda shi, dole ya yi masa sannu da ƙoƙari.

Magana kuwa ba ta tsaya a zaure ba. Malaman makarantar Kebbe da suka saba ajiye masa kwamfuta su wuce kasuwa, yanzu sai su ja benci su zauna har ya gama. Wani hedimasta daga Fakku, wanda ya san shi tun yana koyon aiki, ya ciro biro ya yi wa batirin tasa alama kafin ya miƙa, yana 'yar dariya wai don kada ta ɓace cikin na mutane. Bilyaminu bai ci abincin rana ba ranar. Ba ciniki ne ya dame shi ba, sunansa ne, wanda ya yi shekara goma sha shida yana tattali.

Ranar Alhamis ya zauna ya buga takarda shafi guda da Hausa, dalla-dalla: shekarar da aka yi cinikin, wanda ya sayar, wanda ya saya, ga hoton tsohuwar ga na sabuwar gefe da gefe. Ya ce gobe zai je da ƙafarsa, in rashin kunya ce a kira shi marar kunya, ya fi masa a kira shi maci amana. Hafiza ta roƙe shi ya bari ƙura ta lafa. Ya ce ƙurar a kansa take lafawa.

Hanyar Kebbe da damina ba sai an ba ku labari ba. Sau biyu yana sauka ya tura babur, sau ɗaya ya faɗi, amma takardar tana cikin leda a aljihun gaba, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Duk hanya yana bitar kalmar da zai fara da ita. Ya samu Juma'a a garin, ya wanke taɓon ƙafarsa, ya nufi gidan. Zaure cike yake da dattawan unguwa da suka biyo Alhaji daga masallaci, Ɗan'iya na daga dama ya miƙe ƙafa. Kwamfutar kuwa ga ta a kan tebur a buɗe, an rufa mata ƙyalle.

Ya durƙusa a bakin ƙofa. Aka gaisa, aka tambayi Hafiza da yara, da hanya, da ruwa. Da gaisuwa ta ƙare ya kai hannu aljihu, ya buɗe baki da maganar da ba gaisuwa ba a karo na farko cikin shekara tara.

"Baba, dama game da..."

Alhaji ya ɗaga hannu. Bilyaminu ya saci kallonsa, sai ya ga idon tsohon ya kawo ruwa.

"Kar ka ce komi, Bilyaminu. Tunda kat taso cikin taɓon ga kaz zo da ƙafarka, ya isa. Abin ya yi mini ciwo, ba ni ɓoye maka, kwana da kwanaki ban samu sukuni ba. Amma kai ɗana na. Ga jama'a nan su shaida: abin da kay yi mini na yafe maka, duniya da lahira. Ita kuma wagga, don kai nika aiki da ita haka nan, kuma Allah da ikonsa har yau ba ta ba ni matsala ba. Wanda duk ya sake tada maganar ga, a gidan nan ko a waje, ko kai da kanka, shi ne ban yafe mawa ba."

Zaure ya ɗauki kabbara ƙasa-ƙasa. Wani tsoho ya ce irin su Alhaji sun yi ƙaranci a duniya. Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Ɗan'iya ma ya gyaɗa kai, ya ce shi kam ya ɗauki darasi, shi ma ya yafe.

Bilyaminu yana durƙushe, yatsunsa biyu a kan ledar. Ya sunkuyar da kai, takaici ne zalla, kuma duk zauren suka ɗauka nadama ce, har wani ya ce Allah sarki. Dattijon da ke kusa da shi ya zungure shi da gwiwar hannu, ya raɗa masa cewa ya yi godiya mana, ana jiransa.

Ya zare hannunsa daga aljihun, babu komai a ciki. Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."