Tambarin da Ba a Takawa

Shekara ashirin ina wasa ƙarfen takalman 'yan hokin ƙanƙara a garinmu, arewacin Quebec. A ɗakin canza kaya akwai tambarin ƙungiya a tsakiyar kafet, ba wanda ke taka shi. Ko koci kewayawa yake yi.

Bana kowa ya san in gwarzonmu Thibault ya ƙi sabunta kwantiragi, kashinmu ya bushe.

Ranar Litinin ina cikin wasa ƙarfen takalminsa ya fito daga ofishin manaja. Na ce, "Ɗana, ka sa hannu kuwa?"

"Baba Réjean, bar takalmin nan, kada ka wahalar da kanka."

Ya saɓa jakarsa, ya bi ta kan tambarin, ko ƙasa bai duba ba.

Ba wanda ya tsawata masa. Ai dokar ta 'yan gida ce.