Ƙauna Ta Nemo Taubashi

Shekara biyu bayan samun 'yancin kan Nijar, wani malami da ake kira Mushe Célestin ya kawo sabon abu lakwal, wato makarantar boko, ta Dogon Dutsi: muhawara. Ya ce wanda ya yi nasara shi zai shiga mota zuwa Dosso ya wakilci makaranta. Ɗalibarsa Ƙauna kuwa ba ta taɓa wuce Matankari ba, kuma tana son ganin Dosso kamar ta yi fiffike.

Baki kam tana da shi, har ya yi yawa. Ta kayar da sa'o'inta duka, saura Norbert, wani dogon yaro daga Tibiri da ya girme ta nesa. An ba shi ya kare garmar shanu, ita ta kare hauya. Ranar gwaji yana buɗe baki ta sunkuyar da kai, hujjojinta suka gudu. A gidansu ba a ce wa babba ƙarya yake, ba a ma kallon idonsa. Mushe ya ce in ta sake haka ran Asabar, Dosso ta Norbert ce. Ta ji baƙin ciki sosai.

Sai wani tunani ya zo mata. A gida akwai wanda take zazzage wa magana ba kunya: taubashinta. To, mutanen yankinsu na Arewa ai duk dangi ne in an tona. Ko Norbert ma taubashi ne ba ta sani ba?

Ta tafi wurin kakarta Altine, ta tsare ta da tambaya. Wa ya haifi uban Norbert? Wa ya auri wa a Tibiri? Tsohuwa tana sussukar gero tana jero matattu, Ƙauna tana bin sawu, har ta fara jin daɗin labarin ta manta abin da ya kawo ta. Can Altine ta ajiye taɓarya.

"Ɗan Maikano na Tibiri? Ba taubashinki na ba, ɗiyata. Maikano ƙanen uban mijina na, da tsufa yas samu yaron ga."

Ƙauna ta ga ta zo neman abokin wasa ta tono wani babba. Tana shirin tashi sai ta tsaya, ta sake lissafa dangin da yatsu. Ƙanen kakanta ke nan. Wato kaka! Kaka da jika kuwa wasan da ke tsakaninsu ya fi na taubasai zafi.

Ran Asabar Norbert ya gama yabon garma, ya zauna yana murmushi. Ƙauna ta miƙe, ta dube shi cikin ido.

"Kaka, sannu da ƙoƙari. Shanun ga da kaka faɗi, in rani ya yi, mi za su ci? Ko hatsinka za ka ba su?"

Ta yi ta jero masa tambaya, yana laluben amsa, har Mushe ya ce Dosso ta Ƙauna ce. Da aka tashi, Norbert ya tare ta a bakin ƙofa yana huci, ya tambaye ta wa ya zama kakanta.

"Tambayi Altine," in ji ta. "In na komo daga Dosso ina kawo maka goro, tsoho."