Ranar da Na Ari Yatsun Malam Shu'aibu

Zazzaɓin ya kama ni ne a kan benci, a gindin darbejiyar da ke ƙofar ofishin rajista, da rana tsaka, ranar Alhamis. Zuwana na shida ke nan. Sunana Tasalla, shekarata sittin da 'yan kai, kuma ba ni da yatsa ko ɗaya. Kuturta ce ta cinye su tun ina da sauran jini a jika. Na sha magani na warke shekara talatin da suka wuce, amma abin da ya tafi bai dawo ba.

An shafa wa gidajen unguwarmu, Bayan Kwari, jan fenti, za a rushe a yi titi. An ce za a ba kowa fili da ɗaki a sabon wuri, amma sai mai kati, kati kuma sai an dangwala yatsa a inji. Ƙarfe huɗu na ranar ake rufe littafi, ranar Asabar katafila za ta shigo. Sau biyar ina tsayawa gaban Malam Shu'aibu mai rajista, sau biyar yana ce mini, ko kai bai ɗago ba, "Iya, inji bai san ki ba. Ki dawo gobe." To ga shi goben ta ƙare, kuma mutum arba'in ne a gabana.

Na jingina da darbejiyar, haƙorana suna haɗuwa duk zafin nan, na shiga tsine masa a zuci. Daga kakan kakansa na fara ina gangarowa a hankali don kada in tsallake kowa. Ban kai kan ubansa ba barci ya sace ni.

Sai na ji bencin yana lilo. Na duba ƙasa, babu ƙasa. Ruwa ne shuɗi mai kauri, tawada ce zalla, ta malale daga nan har inda ido ya tsaya, benci kuma yana tafiya a kai. A ɗaya ƙarshen akwai wani gajeren dattijo, ba wuya, ba hannu, da hula mai ƙyalli da ɗan ja a bakinta. Sunkuyawa yake yana taɓa ruwan da goshinsa, duk inda ya taɓa sai zane ya buɗe, da'ira cikin da'ira, bencin ya ƙara gaba. Da na ƙura masa ido sai na ga ba hula ba ce, farce ne, jan kuwa lalle ne.

"Kin manta ni, uwar ɗakina," in ji shi. "Ni ne babban yatsanki na dama. Ni na bar ki ƙarshe."

"Ɗan banza," na ce, "ina ka shiga? Ka san wulaƙancin da na sha a kanka watan nan?"

"Ina bayan asibiti, inda suka binne ni cikin auduga. Kuma ba ni na gudu ba. Ke kika sauke tukunya daga wuta ba ki ji zafi ba."

"Na ji. Dawo na awa ɗaya, in dangwala ka, ka koma barcinka."

"Ba a dawo da mu aiki," ya ce. "Amma zan kai ki wurin wadda ta san ki."

Muka yi ta tafiya. A gaɓar ruwan na ga mutane tsaitsaye, ana ganin itatuwa ta cikin jikinsu kamar ta cikin tsohon mayafi. Akwai magina da siminti ya shafe musu zanen hannu, akwai mata masu wankau, akwai wani mutum da injin niƙa ya ɗauke wa hannu tun daga gwiwa. Na gane biyu daga unguwarmu, na ɗaga musu hannu, sai na ga nawa hannun ma ya fara zama haka, ina hango bencin ta cikinsa. Tsoro ya kama ni, na cusa shi cikin zani.

Ruwan ya iso gindin wani bene wanda ba komai a jikinsa sai matakala. Bai tsaya ba, ya kama hawa, yana gudu sama, mu ma muka bi shi. A gefen matakalar guragu ne zaune da kekunansu, sun daɗe har ciyawa ta fito ta cikin tayoyin. A can ƙololuwa ruwan ya ajiye mu cikin wani ɗaki mai kabad-kabad na ƙarfe, dogaye kamar rumbuna, kuma daga cikin ɗaya wata murya tana karatu, murya mai daɗi, irin ta masu labarai a rediyo.

Yatsan ya doki ƙofar da kansa, ta buɗe. Mace ce a ciki, kyakkyawa, da leshi mai zinariya da jan kirtani ɗaure a wuya, gizo-gizo ya yi saƙa a ɗankwalinta. An jingine ta a kusurwa. Ba ta da hannu, ba ta da ƙafa.

"Sannu da zuwa, Yaya Tasalla," ta ce.

"Wa ya gaya miki sunana?"

"Dominku aka haife ni. Ni ce Doka. Ranar sunana an yi taro, an ɗauki hoto, an raba shinkafa. Da aka tashi sai aka kawo ni nan. Shekara-shekara ana fito da ni a kaɗe mini ƙura a sake hoto."

"To me kika ce a kaina?"

"Na ce wanda ba shi da yatsa a rubuta shi da fuskarsa da shaidu biyu. Kullum ina faɗa. Ɓeraye sun haddace."

Na ce, "Shu'aibu ya san da wannan?"

"A gabansa aka karanta ni. Yana sahun gaba. Ya fi kowa tafi."

Wallahi ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce mata, "Hau." Na goya ta, na ja zani da haƙori na danne da dungulmin hannu, yadda na goyi 'ya'yana uku. Na zaci takarda ce, ba za ta yi nauyi ba. Ashe ta fi buhun gero, har gwiwata ta yi ƙara da na miƙe.

Taku ɗaya na yi, benen ya ɓace. Muna tsakiyar wani fili fetal, ba itace, ba inuwa, rana ta sauko ƙasa-ƙasa har ana jin hucinta. Tebur ɗaya ne a filin, ni ce kuma a bayansa, a kan kujera mai juyawa. A bayana akwai ƙofa, ta cikinta ana hango ɗakuna a jere da randunan ruwa masu raɓa. A gabana layi ne na maza masu fararen kaftani, kowa da biro a aljihu, layin ya miƙe har bangon duniya. Can a ƙarshensa katafila ce, rawaya, da haƙora, tana tahowa a hankali tana cin layin daga baya, mutum ɗai-ɗai.

Injin yana kan teburin, da koren idonsa. Na ɗaga hannu zan make shi, sai ya yi magana.

"Iya, ni ban taɓa cewa ban san ki ba. Abin da aka ɗora mini nake karantawa. Shi ne yake ɓuya a bayana."

"Yana ina?"

"Ga shi nan tafe."

Shi ne kuwa, Malam Shu'aibu, gumi ya jiƙa shi sharkaf, yana waiwayen katafila. Da ya ga wadda ke kujerar sai ya cire hula.

"Iya, don Allah. Ina da iyali."

"Ni ma daga sama na faɗo? Dangwala," na ce.

Ya ɗora hannu. Injin bai karanta zane ba, tambaya ya yi: "Me kuka yi?" Sai yatsun suka fara amsawa da 'yan ƙananan muryoyi.

Manuni ya ce, "Ni nake nuna mata ƙofa." Ya tsinke, ya faɗo kan tebur, ba jini.

Babba ya ce, "Ni nake danna masa hankici a hanci in ta shigo." Ya faɗo.

Na tsakiya ya ce, "Ni nake tura mata takardarta da rula, don kada mu taɓa inda ta taɓa. Yana tsoron jikinta fiye da wuta."

Ɗan ƙarami ya ce, "Ni kunne nake sosa masa in tana magana."

Haka suka yi ta zuba, dama da hagu, har goma, suna rarrafe tsakanin takardu. Malam Shu'aibu ya ɗaga hannuwansa yana kallo, sun zama irin nawa sak. Ya buɗe baki zai yi kuka, ya kai hannu aljihu zai ciro hankici, ya kasa kama shi.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ji daɗin da ban ji ba ko ranar da likita ya ce na warke. Na juya a kujerar sau ɗaya, na kalli gefe kamar ina neman wani abu, na bar shi a tsaye katafila tana matsowa. Sannan na ce masa, ba tare da na ɗago kai ba, "Malam, inji bai san ka ba. Ka dawo gobe."

Doka ta yi dariya a bayana har leshinta yana ƙaiƙayi a wuyana.

Yatsun nan suka taho, suka hau hannuwana, kowanne ya sami gurbinsa ya zauna. Da ɗuminsu. Na buɗe, na rufe. Na tsinci ƙwayar gero ɗaya daga kan tebur, na ɗaga ta a rana, hawaye ya zo mini. Shekara talatin ban tsinci abu ƙarami haka ba. Na ajiye ta, na miƙe, na kwashe Malam Shu'aibu da mari da hannunsa na kansa. Sawun yatsu biyar ya fito a kumatunsa, na juya na ba shi na hagu don kada ɗaya kumatun ya ce an yi masa rowa. Layin duka ya sunkuyar da kai.

Daga nan na ce bari in gama abin da ya kawo ni. Na ɗora babban yatsan a kan inji. Koren idon ya yi haske.

"Shu'aibu ɗan Mamman," in ji inji. "Fili ɗaya, ɗaki ɗaya."

Ƙofar da ke bayana ta buɗe masa. Ya raɓa ta gefena da kumburarrun kumatu, ya shige inuwa, ya zauna a bakin ɗakina yana shan ruwan randa.

Na yi ihu. Na yarfe hannu, yatsun suka ƙi sauka. Manunin ma ya miƙe da kansa, ya fara nuna wa mutane hanyar fita, kuma mutanen yanzu ba masu kaftani ba ne, 'yan unguwarmu ne. Na nemi dattijon yatsana, na gan shi can nesa yana komawa cikin audugarsa.

"Cije su," in ji Doka a kunnena. "Ban ce a rubuta ki da na wani ba. Da abin da kike da shi na ce."

"Me nake da shi?"

"Abin da yake tsoro."

Na kai hannu baki na gartsa cizo. A daidai nan haƙoran katafila suka kama bakin teburin, ƙarfe ya yi ƙara.

Maigadi ne yake dukan ƙafar benci da sandarsa. "Iya, tashi. Huɗu saura kwata, za a rufe."

Bakina da ɗanɗanon jini, na ciji dungulmin hannuna. Bayana a jiƙe yake, kuma da nauyi, har sai da na shafa in ji ko akwai wani abu. Mutum tara ne suka rage a layi. Ban bi layin ba. Na wuce su, na shiga ofishin, na ɗage zani, na hau teburin Malam Shu'aibu na zauna daram a kan littafin rajista.

Ya yi baya da kujerarsa har ta bugi bango. "Iya, lafiya? Sauka mana."

"Ko ka rubuta ni da fuskata da shaidu biyu, ko ka ɗauke ni da hannunka. Zaɓi."

Ya kira maigadi. Maigadin ya shigo, ya dube ni, ya dube shi, ya mai da hannuwansa baya ya ce shi ƙofa aka ɗauke shi tsaro. Mutanen layi suka cika taga. Agogon bango yana ta tafiya, ni kuwa na gyara zama.

Sai Malam Shu'aibu ya ɗaga kular abincinsa da ke gefen tebur. A ƙarƙashinta akwai takardu rawaya, an ɗaure su da roba, ta sama da zagayen manja. Fom ne na marasa yatsa. Duk zuwan nan da na yi suna nan, tuwonsa yana kansu. Ya zaro ɗaya daga tsakiya, ya cika. Maigadi ya shaida, wata mata mai goyo ta shaida. Ya turo mini takardar, ya nuna ƙasanta da bakin biro, sannan ya janye biron, don shi ma sai lokacin ya ga abin da aka rubuta a wurin. Matar ce ta karanta mini: ɗan akwati ne aka zana, an ce mai nema ya dangwala yatsa a nan.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Na jawo soson tawada, na murza dungulmin hannuna a ciki har ya yi shuɗi, na danna shi a takardar. Sawun ya rufe akwatin, ya rufe layi uku na sama. Na sake murzawa, na miƙa hannu, na danna masa a ƙirji, a kan farin kaftaninsa, na riƙe sai da na ji bugun zuciyarsa.

"Wannan naka ne," na ce. "Ka ajiye."

Ya tsaya yana kallon rigarsa, yatsu goma a sama, ya rasa wanda zai goge da shi.